Kishin Ƙasa da Girman Kai a Hanyar Damagaram

Hanyoyi biyu ke fita daga Kano su nufi Damagaram. Ɗaya ta ratsa Kazaure ta bi Daura ta ɓulle ta Kwangwalam, ɗayar ta bi Babura ta wuce Babban Mutum ta shiga Magarya. A kowane gefen iyaka Hausa ake yi, gero ake nomawa, alƙibla ɗaya ake fuskanta, kuma akwai auratayya tun kafin Ingila da Faransa su ja layinsu a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Duk da haka mutumin Nijar yakan ce ɗan Najeriya akwai ɗagawa da cika baki, ɗan Najeriya kuma ya ce shi ƙasarsa kawai yake so, mene ne laifinsa? Tambayar tana da nauyi ga Musulmi, domin son ƙasa halal ne, girman kai kuwa hadisi ya nuna ko ƙwayar zarrarsa tana hana shiga Aljanna. Ra'ayina shi ne ana gane bambancin ne ta matsayin da mai alfahari ya ajiye maƙwabcinsa. Idan alfaharinka ba ya tsayuwa sai ka ƙasƙantar da wani, ya tashi daga kishin ƙasa ya koma girman kai.

Ma'aunin ba nawa ba ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, wani ya tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da ke son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, sai aka nuna masa wannan ba girman kai ba ne, aka kuma taƙaita girman kai a abu biyu: ƙin gaskiya da raina mutane. Mu ɗora wannan a kan ƙasashe. Najeriya tana da mutane fiye da miliyan 200, Nijar ba ta kai miliyan 30 ba. Najeriya tana da teku, Nijar ba ta da shi. Wanda ya faɗi haka gaskiya ya faɗa, babbar rigarsa ce ya saka. Matsalar tana farawa ne a lokacin da kalmar "ɗan Nijar" ta zama a bakin wasu tana nufin mai ga-ruwa ko maigadi ko mai shayi kawai, kamar ƙasar da ta haifi Boubou Hama da Abdou Moumouni ba ta da malamai da masana. Nan raini ya shigo. Sai ƙin gaskiya ya biyo baya: an daɗe ana yi wa sefa kallon kuɗin talakawa, amma a 2024 jaka ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu, kuma duk ɗan kasuwar da ke sayo dabbobi a Maigatari ya ji a jikinsa. Wanda ya ga haka bai gyara maganarsa ba, ba ƙasarsa yake karewa ba kuma, matsayin da ya ba kansa yake karewa.

Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. Amurka da Kanada suna da iyaka mafi tsawo a duniya tsakanin ƙasashe biyu, kusan kilomita 8,900, yawancinsu harshe ɗaya suke yi, kuma Amurkawa sun ninka mutanen Kanada wajen sau takwas. A 1969 Firayim Ministan Kanada Pierre Trudeau ya kwatanta zaman ƙasarsa da kwana kusa da giwa, wadda ko juyi ta yi sai ka ji. Da Donald Trump ya riƙa cewa Kanada ta zo ta zama jiha ta 51, mutanen Kanada da dama sun ƙaurace wa kayan Amurka a 2025. Abin lura shi ne Ba'amurke na gari yakan yi mamakin wannan fushi, don shi bai taɓa ƙin Kanada ba. Bai dai cika tunawa da ita ba ne. Girman kan babba sau da yawa haka yake, rashin gani ne, kuma mai shi ba ya jin yana da shi.

Mutanen ƙasar Kazaure sun fi kowa cancantar fahimtar wannan, domin sun ɗanɗana zaman ƙarami kusa da babba. Ɗan Tunku na Kazaure ya yi shekaru yana fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo daga 1819 a kan kada a haɗiye ƙasarsa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar wa Kazaure matsayinta na masarauta mai zaman kanta. Kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, da ma bayan nan, mutumin Roni ko Gwiwa a ƙasar Kazaure ya san yadda ake ji idan ɗan birni ya kira shi baƙauye. To mutumin da wannan kalma ke yi wa zafi a Kantin Kwari, yaya zai juya ya yi wa mutumin Magarya irinta a kasuwar Babura?

Za a ce ai ƙarami ma yana da nasa, kuma haka ne. Akwai ɗan Nijar da zai ce maka su masu bin doka ne da riƙon amana, ɗan Najeriya kuwa sai damfara da jabun kaya, kamar yadda wasu 'yan Kanada ke gina mutuncinsu a kan cewa su ba Amurkawa ba ne. Wannan ma raini ne, har ma ya haɗa da jiji da kai na ganin an fi wani tsarki, abin da malaman tarbiyya suka fi tsoro. Ban wanke shi ba. Sai dai zunubin ɗaya ne, ɓarnar ce ba ɗaya ba, domin rainin babba yana da hannu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita, aka yi ta maganar tura soja, ba a buɗe iyakar ba sai Maris na 2024. Ana iya yin gardama kan hujjar siyasa ta wannan mataki, kuma ƙin mulkin soja ba laifi ba ne. Amma zaton cewa maƙwabci zai durƙusa cikin mako guda don an daka masa tsawa ya fito ne daga rashin saninsa. Bai durƙusa ba, ya fice daga ECOWAS, kuma talakan Maraɗi da na Jibiya da na Maigatari ne suka biya kuɗin.

Wasu kuma za su ce a tumɓuke abin daga tushe: iyakar Bature ce, kishin ƙasa duk ƙabilancin jahiliyya ne. Gaskiya ne maganar nan da ake yawan ji cewa son ƙasa yana cikin imani masana hadisi ba su inganta ta ba. Amma tarihi ya tabbatar da ƙaunar da Annabi (SAW) ya nuna wa Makka a lokacin hijira, kuma aya ta 13 a Suratul Hujurat ta nuna an yi mutane al'ummu da ƙabilu ne don su san juna, ta mayar da fifiko ga taƙawa. Ayar ba ta soke bambanci ba, ta ba shi aiki. Kuma a daina ɗora wa Bature komai: Damagaram ta yaƙi Kano, Maraɗi ta yaƙi Katsina, tun babu Najeriya babu Nijar.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa duk wasa ne, irin na Kanawa da Zazzagawa ko Fulani da Barebari. Wannan al'ada mai daraja ce, har UNESCO ta shigar da ta Nijar cikin gadon ɗan Adam a 2014. Sai dai wasan taubasai yana da sharaɗi: kowa yana da damar ramawa, kuma abokin wasanka ba ya kwana da yunwa kana da hatsi. Idan ɗaya ne kullum ke tsokana, ɗaya kuma yana shiru don a gidanka yake gadi, dariyar da yake yi ta dole ce.

Ga misali na ƙarshe na wannan raini: layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure aka tsara zai bi. Da aka sanar da shi, wasu 'yan Najeriya sun yi ta tambayar me za a samo a Nijar da har za a kai mata jirgi. Shanu da raƙuma da waken da ke sauka a kasuwanninmu sun riga sun ba da amsa. A 2025 kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, matakin da Najeriya, mai yawancin Hausawan duniya, ba ta ɗauka ba.