Ɗorin Ƙashi Da Ɗorin Gada

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in baje ta a faifai mu duba tare. Idan aka ce maka ka yi haƙuri gyara na nan tafe, yaushe ne haƙurin naka yake halin kirki, yaushe kuma yake zama taya ɓera ɓari?

Ni mutumin Jega ne, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san hanya ita ce gonarmu ta biyu. Babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta biyo ta Tambuwal da Aliero, ta ratsa Jega a bakin Gulbin Zamfara, ta miƙe Maiyama da Koko da Yawuri har Kontagora, daga can a nufi Mokwa da Jebba har Ikko. Albasar Aliero, shinkafar fadama, shanu da awakin kasuwarmu, duk ta nan suke bi.

Yayana fataucin albasa yake yi. Wata shekara ya saye ta da rani tana arha, ya zuba a rudu, ya yi wata da watanni yana juya ta yana fidda ruɓaɓɓun, har damina ta yi nisa kuɗinta ya hau. Ya yi lodi, ni kuma na ce zan raka shi. Ba mu yi wata tafiyar kirki ba sai muka tarar da layin motoci iya ganinka. Ashe wata 'yar gada ce da aka fi shekara ana cewa ana gyaranta, hanyar ratsen da aka yi a gefenta kuwa ruwan dare ya tafi da ita.

Kwana uku muka yi a wurin. Albasa cikin tamfol, ga zafi ga laima, ran na biyu ta fara tsatsafo da ruwa, ran na uku kuwa wari ya hana mu zama kusa da motar. A gabana aka ɗauko wata baiwar Allah mai naƙuda cikin zane, samari huɗu suka haye ruwan da ita a kafaɗa. Allah Sarki! Har yau ina tuna kukan uwarta. Yayana fiye da rabin jarinsa ya tafi a wannan tafiya. Da ya je ya sami wani daga cikin ma'aikatan wurin, abin da ya ce masa shi ne, "Alhaji, sai haƙuri, aikin gada ba a yi masa gaggawa."

To, maganar nan ita ce ta tsaya mini a rai. Gaskiya ce, amma kuma akwai abin da aka ɓoye a bayanta. Ban gane bakin zaren ba sai ran da ɗana ya faɗo daga bisa mangwaro ya karye a hannu, na kai shi Aliero, garin da kowa ya san shi da masu ɗori. Tsohon da ya ɗora shi ya ja hannun, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga ƙashi ba shi son gaugawa. In kak kwance shi ba shi ƙosa ba, kai da kanka za ka maido man shi." Na ce, "To Baba, na ji."

Muna nan zaune sai ga wani an kawo, ƙafarsa ta karye tun watannin baya, aka yi ta yau da gobe har ta haɗe a karkace. Tsohon nan ya girgiza kai ya ce, "Mi yah hana ku zakkuwa tun rad da abin yaf faru?" Dole sai da aka sake karya ƙafar kafin a ɗora. Ihun da bawan Allahn nan ya yi, wallahi ko maƙiyinka ba ka so ya yi irinsa.

Ka ga ke nan jinkiri iri biyu ne. Akwai jinkirin jinya, akwai jinkirin sakaci. Ɗana ya jira ne bayan an ɗora shi, kowace rana tana ƙara masa lafiya. Wancan kuwa ya jira ne ba a ɗora shi ba, kowace rana tana ƙara masa ciwo da kuɗin magani.

Haka gada take. Injiniyoyi za su gaya maka kankare sai ya kwana 28 kafin a auna cikakken ƙarfinsa. Sai an haƙa an gwada ƙasa kafin a kafa ginshiƙi, kuma ba a zuba tushe cikin gulbi yana tsakiyar cika. Wanda ya ƙi haƙuri da irin wannan, shi ne mai kwance ɗori ƙashi bai ƙosa ba. Amma fa idan abin da ya tsayar da aiki shi ne takarda ta kwanta a tebur, ko an ba wanda ba ya da ko shebur kwangila ya sayar wa wani, ko ana jiran kakar zaɓe ta matso, to wannan ba jinya ba ce.

Kuma jinkiri ba kyauta yake ba. Dubi ita kanta hanyar Sakkwato zuwa Jega har Makera, an ba da kwangilarta a 2012, ba a ƙaddamar da ita ba sai Nuwamba 2021. A 2012 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira 160 a farashin gwamnati ba, a 2021 ta haura 400, a 2024 kuwa ta wuce 1,500. Kwalta da kayan gyaran injuna da dala ake shigo da su. Saboda haka duk aikin da aka bari ya shekara, sai an sake zama an ƙara masa kuɗi, kuɗin kuwa na asibiti ne da na makaranta aka ɗebo.

Wannan ma kuɗin da ake rubutawa a takarda ke nan. Akwai wanda babu akawun da ke rubuta shi: albasar yayana, man da direba ya ƙona a zagaye, yaron da ya rasa jarrabawa, matar nan mai naƙuda. A watan Mayu 2025 da ambaliya ta afka wa Mokwa, ta halaka mutum fiye da 150, ta kuma yanke gadar hanyar, motocin kayan gwari na Arewa suka yi cirko-cirko, manomin da bai taɓa ganin Mokwa ba ya ji a jikinsa. Kada kuma ka ce abin namu ne kaɗai. A birnin Genoa na ƙasar Italiya wata ƙatuwar gadar sama da aka daɗe ana maganar gyaranta ta rufta ranar 14 ga Agusta 2018, mutum 43 suka mutu. Cikin shekara biyu aka gina sabuwa. Ashe dai ana iyawa, sai da aka ga gawa sannan aka yi sauri.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke yi wa tirela lodin da ya fi ƙarfinta? Wa ke ɗibar yashi a gindin gada? Wa ke zuba shara a kwalbati har ruwa ya rasa mafita ya ci hanya? Wa ke kwance ƙarfen gefen gada da dare ya kai wa 'yan gwangwan? Mu ne. Ranar da muka yi lodin nan, ni da bakina na ce a ƙara buhu ashirin don kuɗin mota ya fita. Ba ni da bakin da zan ce laifin duk na wasu ne.

To yaya mutum zai gane irin jinkirin da ake ce masa ya yi wa haƙuri? Ni dai abu uku nake dubawa. Na farko, akwai masu aiki a wurin ko kuwa allon kwangila ne kaɗai yake shan rana? Na biyu, an faɗi ranar gamawa? Na uku, idan ranar ta wuce, akwai wanda ya fito da fuskarsa ya yi wa jama'a bayani? In ukun nan sun samu, ka yi haƙuri, ka ma kai wa lebura ruwan sha. In kuwa babu ko ɗaya, ka tashi ku haɗu da 'yan ƙungiyar direbobi da 'yan kasuwa, ku je wa hakimi, ku sami ɗan majalisarku, ku yi magana a rediyo, cikin ladabi, ba zagi ba ƙona taya. Ai tsohon nan na Aliero bai yaba wa mai karkatacciyar ƙafa a kan haƙurinsa ba, faɗa ya yi wa danginsa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ikon gyara namu, Ya kai matafiya gida lafiya, amin.