Ƙarya Saboda Tausayi, Ta Halatta?

A tsarin inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta a Nijeriya, kowane gwajin cuta yana da lambarsa da farashinsa. To, idan talaka daga ƙauyukan Katagum ya zo Azare neman gwajin da inshora ba ta biya, ya halatta akawu ya rubuta lambar gwajin maleriya a madadinsa? Tausayi ne, amma ma'aunin algus ne, irin wanda Karin Magana 11:1 ta la'anta. Kuɗin nan haƙƙin wani majinyaci ne, takardar kuma za ta iya ɓatar da likita gobe. Bari akawu ya rubuta gaskiya, ikkilisiya kuwa ta biya wa talakan daga baikonta.