Sunan Wa Ne, Na Mai Raɗawa Ko Na Mai Amsawa?

A Rawayau ta ƙasar Kurfi, da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Katsina da Dutsin-Ma, idan jariri ya kwana bakwai sai a taru a ƙofar gida da sassafe, liman ya raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Wannan shi ne sunan yanka, galibi na wani Annabi ko Sahabi. Amma sau da yawa ba shi ne zai bi yaro ba, gama tsofaffin cikin gida sun riga sun laƙaba masa wani tun yana cikin tsumma.

Laƙabin nan tarihi ne a dunƙule. Namijin da ya biyo bayan mata shi ne Tanko, mace bayan maza Kande ko Delu, mai bin tagwaye Gambo. Wanda ya zo da yatsa shida Cindo ne, wanda ya daɗe a ciki Shekarau, wanda ya faɗo ana tsakiyar aikin gona Nomau. Fulani kuwa jeri suke bi, ɗan fari Dikko, na biyu Sambo, na uku Yero, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da wannan suna na Dikko aka san shi. Sunan rana ma ba na Hausa kaɗai ba ne. Kofi Annan na Gana, da a Katsina aka haife shi, Ɗanjuma za a ce da shi, Kwame Nkrumah kuwa Ɗan'asabe.

Duk waɗannan ba su da abin gardama. Inda maganar ta yi nauyi shi ne wajen 'ya'yan wabi, watau na macen da take haihuwa suna mutuwa. Idan ta binne uku ko huɗu, ta sāke haihuwa, sai a kira jaririn Ajuji, ko Ayashe, ko Bawa, har a da akan kai shi bisa juji a ajiye, wata tsohuwa ta ɗauko shi kamar tsintuwa. Manufar ita ce a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Waɗansu iyayen ba su yin wannan dabara, roƙo suke yi a fili, su ce Barau ko Barmani, wato a bar musu wannan.

Abin mamaki, mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun faɗa kan dabara guda. Yarabawa suna kiran irin wannan yaro Malomo, ma'ana kada ka sāke tafiya, ko Kokumo, wannan ba zai mutu ba. Asantawa sukan ce Donko, wato bawa, daidai da na Hausa. Can ƙasar Mongoliya, a tsakiyar Asiya, akwai Nergui, marar suna, da Enebish, ba wannan ba ne. Ashe uwar da ta sha binnewa, ko da wane harshe take magana, tunaninta ɗaya ne.

To, ga tambaya. Iyaye suna da ikon ɗora wa ɗa mugun suna don su tsirar da shi? Mai kāre su zai ce ai ƙauna ce ta sa, kuma ba a yi wa wanda bai ga irin abin da suka gani ba izinin yi musu dariya. Wannan gaskiya ne. Har a 2018 binciken lafiya na ƙasa ya nuna cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar, balle zamanin da agana da ƙyanda ke share unguwa a rani guda. Mace da ke cikin wannan hali, in ta kama abin da ta samu, ba wauta ta yi ba.

Amma akwai wanda ba a yi shawara da shi ba, shi ne mai sunan. Tsoron na iyaye ne, na shekara biyu ko uku, sunan kuwa shi zai ɗauka har furfura. Da shi za a kira shi a makaranta yara na ƙyalƙyala dariya, da shi za a nema masa aure. Iyaye sun biya bukatar zuciyarsu, shi aka bar wa bashin. Kuma dabarar ba ta kai inda aka nufa ba, domin ajali ba ya ruɗewa da suna. Yau likitoci sun bayyana cewa yawancin abin da ake kira wabi ciwo ne mai dalili, kamar amosanin jini da ɗa kan gāda idan uwa da uba duka suna ɗauke da shi, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin abinci bayan yaye. An kawar da agana daga duniya a 1980 da lamba, ba da laƙabi ba.

Musulunci ya tsaya wajen mai amsawa. Ya sa kyakkyawan suna cikin hakkin ɗa a kan mahaifinsa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sāke wa mutane da dama suna. Wata 'yar Sayyadina Umar da sunanta ke nufin mai saɓo, ya mai da ita Jamila. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib kuwa, mai suna Hazn, wato ƙasa mai tauri, an ba shi Sahal, mai sauƙi, ya ce ba zai bar sunan da ubansa ya sa masa ba. Jikan nasa ya ce taurin bai bar gidansu ba daga nan. A lura, ba a tilasta wa tsohon ba. Suna ya zama nasa, shi ke da ikon riƙewa ko saki.

Nan hikimar Hausawa ta fito, ko da gangan suka yi ko dace ne. Da suka raba suna biyu, sai suka bar wa yaro mafita. Ajuji yana da Muhammadu ajiye, ran da ya girma ya ga dama ya ɗauko abinsa. Wani kuma ya riƙe laƙabin har ya wanke shi da aikinsa. Wa ke tuna bauta in an ambaci Bawa Jangwarzo, Sarkin Gobir?

Sunayen wabi suna ƙarewa yanzu, da wuya a ji su sai a bakin tsofaffi. Sai dai tambayar ba ta tafi tare da su ba, riga ta sāke. Iyayen yau ba mutuwa suke ɓoye wa ɗa ba, so suke a ce ba a taɓa jin irin sunansa a gari ba. Wani ya tsinci kalmar Larabci mai daɗin faɗi bai tambayi malami ma'anarta ba, wani ya ɗauko daga fim. A 2008 wani alƙali a ƙasar New Zealand ya karɓi rikon wata yarinya 'yar shekara tara na ɗan lokaci, don kawai a sāke mata suna, saboda iyayenta sun raɗa mata jimla guda mai kalma shida a kan wata rawa, har tana jin kunyar gaya wa ƙawayenta. Tsohuwar da ta ce Ajuji tana da kaburbura uku a bayan gari da za ta nuna in an tambaye ta dalili. Waɗancan iyayen kuwa nishaɗi ne kawai ya ɗebe su.