Hawayen ɗan kallo

A ƙasashe da dama na Turai da Amurka ta Kudu, makon Ista yana da finafinansa. Kowace shekara gidajen talabijin sukan sake fito da Quo Vadis na 1951, da Ben-Hur na 1959 wanda ya lashe kyautar Oska 11, da Spartacus na 1960. Kowa ya san ƙarshen labarin, amma iyali su hallara su zauna. Wannan ba zai ba mutumin Madarumfa mamaki ba. Wanda ya tashi a bakin tabkin da kushewun waliyyai 99 suka kewaye ya san cewa akan koma sanannen wuri don tuni, ko da babu sabon abin gani. Watan azumi ma yana da nasa fim, Ar-Risala na Mustafa Akkad, wanda ya fito a 1976.

Abin lura shi ne yawan bayi a cikin waɗannan finafinai. Ga Ben-Hur ɗaure da sarƙa yana tuƙa jirgin yaƙin Rum. Ga Spartacus, wanda ya ja tawayen bayi daga shekara ta 73 zuwa ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuma gicciye mutanensa 6,000 a kan hanyar Kapuwa zuwa Rum. Ga Bilal kwance a rairayi, an ɗora masa dutse a ƙirji. A nan ne ido yakan ciko.

To, mene ne darajar wannan hawaye? Masu kare al'adar suna cewa zuciya gona ce, in ba a nome ta duk shekara ba ciyawa ta cinye ta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin yaron da ya ga Bilal a ƙarƙashin dutse ba ya mantawa. Sai dai tausayin da aka saba yi a kan lokaci yakan zama kamar tufar Salla: a sa ta yini ɗaya, a ninke, a mayar adaka. Bawan Rum kuwa yana da sauƙin tausayi, ba zai taɓa aiko neman auren ɗiyar kowa ba.

Bautar ba a Rum ta tsaya ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da ita laifin da ake hukuntawa, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidiriya. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani a kan jika 240, tana da shekara 12. A watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta ce gwamnati ta kasa kare ta. Har yanzu akwai gidajen da, in an zo neman aure, akan aika a binciko asalin yaro, a ji ko kakansa ɗa ne ko bawa. Wani lokaci mai aikawar shi ne dattijon da ya share ido da hannun riga a daren jiya, sa'ad da Bilal ya hau ya kira salla.