Baƙo Raɓa Ne, Amma Mu Mun Haura Shekara Ɗari a Sabo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, tambaya ce matasanmu suka kawo mana bayan sallar Isha'i a makon jiya. Lokacin bikin al'adu da tarihin Badun ya matso, wanda majalisar 'yan asalin garin ke shiryawa duk shekara, abokansu Yarbawa kuma sun gayyace su. Shin su je ko kada su je? Wasu iyaye sun ce bidi'a ce. Wasu sun ce ina ruwanmu, mu baƙi ne, abinci muka zo nema. To, mun ga ya dace mu amsa a wannan takarda ta Juma'a, don kowa ya karanta a gidansa.

Mu fara da maganar baƙunci. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai ya tafi. Gaskiya ne. Amma a shekarar 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo, kuma tun kafin nan suna zaune a gidajen Yarbawa a cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911, sai fatauci ya buɗe: shanu su gangaro kudu, goro ya haura arewa. Masu gida a Sabo su ne ke sauke fatake, su ajiye musu kuɗi, su tsaya musu a kan bashin da mahauta suka ci, ba takarda ba lauya, sai amana kawai. A nan aka haifi iyayenmu, a nan muka binne su. Jama'a, raɓar da ta haura shekara ɗari ba ta bushe ba ai ta zama rijiya. Tarihin Badun ba ya cika in ba a ambaci Sabo ba, kuma in ba mu je mun faɗi namu ba, wani ne zai faɗe shi yadda ya ga dama.

Son garin da mutum ya yi hijira zuwa gare shi ba laifi ba ne a addini. Da Muhajirai suka isa Madina, zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, kewar Makka ta dame su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce su zauna da jakarsu a ɗaure ba. Addu'a ya yi Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Kuma a zamanin Sayyidina Umar, da sahabbai suka tashi kafa lissafin shekara, daga hijira suka fara ƙirgawa. Kun ga ke nan, kalandarmu kanta tarihin baƙi ce da masu masaukinsu. A Suratul Hujurat, aya ta 13, Allah Ya sanar da mu cewa Ya yi mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna. Yaya za a san juna in kowa ya kulle ƙofarsa?

Sai dai akwai iyaka, kuma dole mu faɗe ta ƙarara. Laccar tarihi a ɗakin taro na Mapo, da baje kolin kayan gargajiya, da karrama dattawa, da tallafa wa marasa lafiya, duk waɗannan mu'amala ce, asalinta halas ne. Amma bikin Oke'badan, wanda ake yi don girmama abin bautar dutse, da fitowar dodanni irin su Oloolu, wannan ba namu ba ne. Ba ma halarta, ba ma ba da gudummawa, kuma 'yan'uwanmu Musulmi Yarbawa da yawa haka suke yi. Amma ku ji da kyau: ƙin halarta daban, zagi daban. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Yaron da ya tsaya bakin titi yana jifa ko yana ihu, wallahi ba jihadi yake yi ba, wuta yake kunna wa unguwa.

Mun san abin da wutar nan ke ci. Ba mu manta da kasuwar Shasha ba a watan Fabrairun 2021. Daga 'yar gardama aka rasa rayuka, shaguna suka ƙone, mata da yara suka kwana a waje. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Darasin shi ne, ranar tashin hankali ba a ƙulla sanayya. Wanda ya san sunanka, ya san kakanka ya yi ciniki da kakansa, shi ne zai buɗe maka ƙofa. Zumunta a ƙafa take, kuma Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba, bai kuwa ware ƙabila ba.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kanmu da Turanci, aka buga shi a 1969. Har yau shi ake karantawa a jami'o'i. Mu fa, me muka rubuta? Dattawan da suka san wa ya gina wace zawiya, wane malami ya fara tafsiri a wane zaure, ina aka yi zangon shanu, kullum ɗaukar su muke yi zuwa maƙabarta. Kwanan baya muka yi jana'izar wani dattijo da ya haddace sunayen masu gida na da, gida-gida. Sau nawa muka ce za mu je mu ɗauki maganarsa? Sai gobe, sai jibi, har aka kira mu wanka.

Don haka ga shawarar masallaci. Matasa su amsa gayyata, su je tarukan da ba su saɓa wa shari'a ba, da shiga ta mutunci, kuma lokacin salla ya yi su tashi su yi. Na biyu, wayar nan da kuke kallon ƙwallo da ita, kowa ya je wurin kakansa ko kakarsa kafin Juma'a mai zuwa, ya durƙusa ya ce: “Kaka, daga wane gari aka zo, kuma gidan wa aka fara sauka?” Ku naɗi muryar, ku kawo wa kwamitin matasa. Kada a manta da iyayenmu mata, su ne suka riƙe nasabar gidaje. Na uku, ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna a harabar masallaci dattawa su ba da labari, kuma kowa ya gayyato maƙwabcinsa Bayarabe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan unguwa, Ya saka wa masu masaukinmu da alheri. Allah Ya zaunar da Badun lafiya, Ya zaunar da Arewa lafiya, Ya zaunar da Najeriya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.