Bimbinin Safiya: Ƙishirwar Kunkurun Gida

 Ɗan'uwa, kafin ka ɗauki fartanya, tsaya mu yi nazari a kan wata halitta da ke cikin gidaje da yawa, amma ba a cika tunawa da ita ba idan ana rabon ruwa.

Akuya in ta ji ƙishirwa, duk unguwa sai ta sani. Kaji kuma su da kansu za su biyo mai buta. Kunkuru fa? Ya janye kai ciki ya yi shiru. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi fuskarsa ba ta ba da labari. Yana iya yin makonni jikinsa na bushewa a gefen rumbu, mai gida na cewa ai dabba ce mai haƙuri, ba ta buƙatar komai.

A nan Tabanni da sauran ƙasar Birnin Gwari, wanda yara ke tsintowa a gona da farkon damina ƙaramin kunkurun daji ne, mai ƙoƙo da ke lanƙwasawa ta baya ya rufe ƙafafu. Gidansa dazuka ne irin na Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. A can, idan rani ya shigo, yakan shige ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ko ramin da ke da sanyi, ya kwanta har ruwan farko ya sauka. Akwai kuma babban nan na ƙasashen Sahel, wanda kan wuce kilo 50, mai haƙa rami mai zurfi don ya tsere wa rana. Dukansu Allah ya ba su dabarar tsira. Mu ne muka ɗauko su muka ajiye a tsakar gida mai daɓe, babu rami, babu danshi, iskar hunturu na bugun su dare da rana.

Dubi hikimar Ubangiji a jikinsa. Kunkuru yana ajiye ruwa a mafitsararsa, jiki ya riƙa jan sa kaɗan-kaɗan idan gari ya bushe. Wannan ne guzurinsa na rani. Shi ya sa idan yaro ya ɗaga shi sama, ya firgita ya saki fitsari, ba abin dariya ba ne: tanadin watanni ne ya zube a ƙasa. Kuma farin abin nan da ke fita tare da fitsarinsa, in yana da laushi to lafiya lau, in ya zama tsaki-tsaki to ƙishirwa ta yi nisa, tana iya kaiwa ga tsakuwa a mafitsara.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya, ya ciko huffinsa da ruwa, ya shayar da kare mai lasar ƙasa don ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Sun kuma ruwaito na matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu, aka yi wa matar azaba saboda ita. Na biyun nan ne ke sa gabana faɗuwa. Karen ba na mutumin ba ne, kyauta ya yi masa. Kyanwar kuwa a hannun matar take. Duk abin da ka killace, ka raba shi da hanyar da Mahaliccinsa ya shirya masa, shansa ya hau wuyanka.

Aikin ba shi da wahala. Samu kasko ko roba marar zurfi, wadda ba a cin abinci a ciki. Zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada ya wuce haɓarsa, domin kunkurun tudu ba kififiya ba ne, ruwa mai zurfi cinye shi yake yi. Sa shi ciki da hantsi kamar minti 20, kana kusa. Za ka ga ya tsoma baki da hanci yana sha a hankali, wuyansa na motsi. In ya yi kashi a ciki, ka canza ruwan. Ɗan ƙarami kullum, babba sau 2 ko 3 a mako, musamman a hunturu da bazara. Ban da sabulu, ban da shafa masa mai. Ka bar masa wani ruwan a inuwa, ka yayyafa wa makwancinsa, sannan ka wanke hannunka sosai, yara ma haka, don kashinsa na ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa.

Kada a huda ƙoƙonsa don a zura igiya. Da rai a wurin, yana jin zafi.

Ya Allah, ka yafe mana haƙƙin dabbobin da muka manta da su, ka ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa. Wanda kuma ya san ba zai iya wannan hidima ba, to ya jira ruwa ya sauka, ya mayar da kunkurun gefen gonar da aka tsinto shi.