Ruwa Zai Tafi da Shi? Zuwa Ina?

Jama'a masu sauraronmu na Gusau da kewaye, na Bunguɗu, na Tsafe, da direbobin da ke kan hanya suna jin mu a mota, barkanmu da war haka. Yau babin alwala da muka tsaya a kansa makon jiya zai ɗan jira mu. Akwai abin da idona ya gani ranar Asabar da ya tsaya mini a maƙogwaro, in ban fito da shi ba, ba zan iya karantar da komai ba.

Ta'aziyya ce ta kai ni Kwatarkwashi. Wanda ya bi hanyar nan a wannan damina ya san abin da nake nufi. Da ka bar shataletalen Lalan, ka wuce jami'ar tarayya, sai gonaki dama da hagu, gero ya fitar da kai, dawa ta rufe mutum, ko'ina shar. Can sai dutsen Kwatarkwashi ya taso maka a gaba, baƙi wuluk saboda ruwan daren jiya, ruwa na gangarowa ta jikinsa fari tas, yana taruwa a ƙasa kafin ya kama hanyarsa ya zama ƙorama. Bayan mun yi addu'a sai wani dattijo daga cikin masu zaman makoki ya ce mu taka, in ga ikon Allah. Muka taka.

Mun tarar da motocin 'yan birni a gindin dutsen. Magidanta ne sun kwaso iyalansu, an shimfiɗa darduma, an buɗe kuloli, yara na guje-guje suna tsala ihu. Wallahi da farko abin ya burge ni. Mutum ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya fita da su su sha iska, su ga halittar Ubangiji, wannan ai alheri ne, kuma da yawa daga cikinmu ba mu yi. Balle a irin wannan zamani da hanyar Gusau zuwa Funtua sai da addu'a ake bin ta. Wanda Allah ya ba wuni guda na kwanciyar hankali ya kai iyalinsa gindin dutse ya dawo lafiya, ya samu ni'ima babba.

To amma da suka fara haramar tafiya, sai na ga abin da suka bari. Robobin lemo. Ledojin ruwa an tsotse an yar. Fararen robobin abinci da sauran shinkafa da ƙashin kaza a ciki. Wata baiwar Allah ta canza wa jaririnta famfas, ta naɗe shi, ta waiga, ta wurga cikin ruwan. Wani matashi ya gangaro da mota har bakin ƙoramar, ya zazzaga omo a bokiti yana wanke ta, kumfa da baƙin mai suna bin ruwa. Wani kuma na gan shi ya zaga bayan dutse, daidai inda ruwan ke bi, ya tsuguna. Ba sai na faɗa muku abin da ya kai shi ba.

Ƙasa kaɗan da su, wata yarinya ce da ba ta wuce shekara tara ba, da jarka mai ruwan ɗorawa da 'yar ƙwarya. Tana sa bayan ƙwaryar tana kore kumfar gefe, ta jira, ta kamfata, ta ɗura. Kumfa ta sake zuwa, ta sake korewa. Ba ta ce wa kowa komai ba.

Dattijon nan ya matsa wurin ɗaya daga cikin magidantan, cikin ladabi, ya ce: "Alhaji, ku yi muna haƙuri, wanga ruwa shi ɗai muka da shi nan kusa." Alhaji bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce: "Haba baba, ruwa ne fa mai gudu. Zai tafi da shi."

Zai tafi da shi! Jama'a, zai tafi da shi zuwa ina?

Bari in gaya maka inda zai kai shi, Alhaji, tunda ba ka tambaya ba. Zai fara kai shi jarkar yarinyar nan. Daga nan randar uwarta, daga randa kunun ƙanenta. Abin da ya tsira daga jarka, ƙoramun yankin nan gulbi suke nufa. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtua ya taso, ya ratso ta Gusau, kuma madatsar da aka yi a kansa ita ke ba garin nan ruwan famfo. Ya wuce Bunguɗu, ya zuba a madatsar Bakalori da aka gama a 1978, inda manoman Talata Mafara da Maradun ke noman rani. Ya nausa Sakkwato ya haɗu da Rima, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Duk tsawon tafiyar nan babu inda ba mutane. Masunta, masu lambu, makiyaya, mata masu wanki, almajirai masu alwala. Kai da kake zaune Tudun Wada ko Samaru ko Sabon Gari, ka buɗe famfo ka ce alhamdu lillahi an kawo ruwa, daga sama kake zaton ya faɗo?

Zai tafi da shi. Wannan kalma ita ta cika mana magudanai a Gusau. Hadari ya haɗo, sai ka ga an aiki yaro da kwandon shara, maza ka juye a kwata kafin ruwa ya sauko, zai tafi da shi. Ruwa ya sauko, kwata ta toshe, ya juya ya shiga ɗakin maƙwabci, katangar ƙasa ta jiƙa ta zube. Sai a taru ana salati ana cewa ƙaddara. Damina ta yi nisa, amai da gudawa su ɓarke, a cika asibiti da yara ana ɗaura musu ruwa, a ce annoba ce daga Allah. E, komai daga Allah yake. Amma hannun wa ya wurga famfas a mashaya?

Kuma ba jahilai nake magana da su ba, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mutumin nan na Asabar, da la'asar ta yi, buta ya ɗauko daga mota, da ruwan roba mai tsabta ya yi alwala, ya shimfiɗa sallaya ya ja iyalinsa salla. Ya san tsarki! Ya san najasa ba ta haɗuwa da ibada. Tufarsa ko ɗigo bai yarda ya taɓa ta ba. Amma ruwan da wani musulmi zai yi tasa alwalar da shi, wannan ba ruwansa. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tsoratar a kan wurare uku da ke jawo wa mutum tsinuwa in ya ɓata su: mashayar mutane, hanyar da suke bi, da inuwar da suke hutawa. Gindin dutsen nan duka ukun ne a haɗe. Mashaya ce, hanya ce, inuwa ce. Ka kwaso iyalinka, ka ƙona mai, ka je ka kwaso tsinuwa uku a wuni ɗaya, ka dawo kana sa hotuna a Facebook kana rubuta masha Allah!

Raini ne, jama'a. Mu kira shi da sunansa. Da a gidan wani babba aka gayyace ka walima, ko tsinken sakace ba za ka yar a tsakar gidansa ba. Amma da yake ƙauye ne, da yake talakawa ne, ka ɗauka ba masu wuri. Mutanen da suka sha wuyar rashin tsaro, wasu gonakinsu na nesa sun gagare su nomawa, ɗan ruwan da ya rage musu ma sai ka bi ka ɓata?

Bari in ba ku wani labari. Akwai wani Bafulatani da matarsa ke kawo nono gidanmu, tun mahaifiyata na da rai, Allah ya jiƙanta da sauran iyayenmu. Mutumin kirki, ba ya da yawan magana. Shanunsa ba su da yawa, amma akwai wata farar saniya a cikinsu da yake ji da ita, don ita ce ta gado, daga hannun mahaifinsa ya karɓi uwarta. Nonon saniyar nan shi ke sayen gishiri da sabulu da man fitila a rugar. Wata shekara sai saniya ta fara ramewa. Ciyawa ga ta, damina ce, amma ta ci kaɗan ta tsaya. Ciki ya kumbura, haƙarƙari ya fito, nono ya janye. Ya ba ta kanwa. Ya jiƙa sassaƙe ya ɗura mata. Ya zo wurin mahaifina aka yi rubutu aka wanke aka ba ta, don har ya fara zargin baki ne ko sammu, ya fara kallon wani ɗan'uwansa da suka taɓa samun saɓani a kan kiwo. Kun ji fa, zumunci ya fara tsami a kan saniya. Ya sayar da tunkiya ya sayi allurai, aka yi mata, shiru. Matar ta daina zuwa da ƙwarya, in ta zo sai dai gaisuwa, mahaifiyata ta auna mata ɗan gero ta koma.

Ranar da saniyar ta kasa tashi, ya aiko a nemo mahauci kafin ta zama mushe. Na bi mahaucin. Aka yanka, aka feɗe, nama duk ya bushe ba kitse. Da aka zo kan tumbi, mahauci ya sa wuƙa ya tsaga, sai wuƙar ta tokare. Ya sa hannu biyu ya jawo. Wallahi jama'a, wani dunƙule ne ya fito, baƙi, ya murɗe ya cure, sai da ya ɗaga shi da ƙyar. Leda ce. Baƙar leda, farar leda, igiyar buhu, har da guntun silifa. Dabba ba ta san leda ba, gishirin abinci da maiƙon da ke jiki take lasa, ta haɗiye, ba ta narkewa, ba ta fita, sai ta cika tumbin ta hana abinci wuri. Saniya na tsaye cikin ciyawa yunwa na kashe ta. Bafulatanin nan ya tsuguna ya daɗe yana kallon dunƙulen. Abin da ya ce kawai shi ne, ashe na zalunci ɗan'uwana. Ya tashi ko kuɗin naman bai tsaya lissafawa ba, ya tafi neman gafara. Ku tambayi kowane mahauci a mayankar Gusau, zai gaya muku wannan ba baƙon abu ba ne gare su, a shanu da tumaki da awaki.

Kuma waɗanda suka yar da ledojin nan ba wanda ya san ya kashe saniya. Kowa ya sha ƙosansa ya saki leda, iska za ta tafi da ita. A da ai ganye ake ƙunshe abinci da shi, fura a ƙwarya, ruwa a gora, ka yar akuya ta cinye ta ƙoshi. Yanzu kaya sun canza, hannunmu bai canza ba. Ruwanda tun 2008 ta hana ledar nan, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ma a farkon 2024 ta haramta fararen robobin abincin nan. Su doka ta hana su. Mu da muke da abin da ya fi doka, me muke jira?

Na yi nisa, mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Mu dawo gindin dutse.

Alhaji, in kana ji na, ban ambaci sunanka ba, ban ma san shi ba, kuma ba tozarta ka nake son yi ba. Na ga yadda ka ɗauki ƙaramar 'yarka a kafaɗa kana nuna mata ruwan, na san kai uba ne mai tausayi. Yarinyar nan mai jarka ita ma 'yar wani ce. Don Allah, don Annabi, in za ka sake fita, ka jefa tsohon buhu guda a bayan mota. Buhu ɗaya tak. In an gama ci a tattara a zuba, a dawo da shi gida. Ka sa yaran su tsince da hannunsu, kai ma ka duƙa ka tsinta su gani, don abin da suka ga kana yi shi za su ɗauka, ba abin da malam ya faɗa a rediyo ba.

Iyayenmu mata, Hajiya, na san ɗawainiyar goyo a tafiya ba sauƙi. Ki ƙulle famfas ɗin a leda ki ajiye a buhun, ba zai cinye ki ba kafin ku iso gida. Samari, mota in ta yi ƙura akwai masu wanki a gari, ku ba su su ma su ci abinci. Wanda ciki ya matsa, ya yi nisa da ruwa, ya yi nisa da hanya, ya tona ya rufe. In kun isa wuri ku yi wa mutanen garin sallama, ku tambaye su ina suke ɗiba, ku zauna ƙasa da nan. In da 'yar gyaɗa ko dafaffiyar masara a hannun yaransu ku saya. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to a yi raɓar da za a yi kewarta.

Ku fita, ban ce kada ku fita ba. In hanya ta yi kyau, an tabbatar da lafiya, ku kai yara su ga Kwatarkwashi, su ga duwatsun Tsafe, ku biya da su 'Yandoto ku gaya musu garin malamai ne tun kafin jihadi. Ku fita da wuri, ku dawo kafin rana ta faɗi.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Allah ya tsare matafiya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu ga ƙarshen damina da alheri. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu ɗora daga farillan alwala.